Yaƙin Rossbach

Yaƙin Rossbach yaƙi ne da aka gwabza ranar 5 ga watan Nuwamba, 1757, kusa da ƙauyen Rossbach, wanda a yau yake cikin jihar Saxony-Anhalt ta ƙasar Jamus. Ɗaya ne daga cikin manyan gumurzun Yaƙin Shekara Bakwai (1756 zuwa 1763). A nan ne Sarkin Furushiya, Frederick na Biyu, da mayaƙa kusan 22,000, ya fatattaki rundunar haɗin gwiwa ta Faransa da Daular Roma Mai Tsarki, mai mutum wajen 41,000, ƙarƙashin Yariman Soubise da Yarima Joseph na Saxe-Hildburghausen.

Asali

A shekarar 1757 abokan gaba sun sa Furushiya a tsakiya. Ostiriya ta ci Frederick da yaƙi a Kolin cikin watan Yuni, ga Rasha ta taso daga gabas, ga Faransa daga yamma.

Yadda aka gwabza

Shugabannin haɗin gwiwar sun yi niyyar zagayo sansanin Frederick ta gefen hagu su tare masa hanya. Sai suka kama tafiya a dogayen jerin gwano, ba tare da sun tura isassun 'yan leƙen asiri gaba ba. Da rana ta karkata sojojin Furushiya suka naɗe tantunansu cikin gaggawa, suka ɓace bayan tudun Janus. Abokan gaba suka ɗauka gudu ne, suka ƙara sauri.

Wannan zato shi ya kashe su. A zamanin bindigar toka, wadda ake ɗura wa harsashi ta baki, runduna ba ta da ƙarfi sai ta tsaya sahu-sahu ta yi harbi gaba ɗaya, kuma sauya jerin tafiya zuwa sahun yaƙi na cin lokaci. Kafin su shirya, Janar Friedrich Wilhelm von Seydlitz ya faɗo da baradensa daga bayan tudu ya tarwatsa mahayansu. Igwa 18 suka yi ta ɓarin wuta daga kan Janus, dakaru ƙarƙashin Yarima Henry, ƙanen sarki, suka tari na gaba. Seydlitz bai bi waɗanda suka gudu ba. Ya sake haɗa dawakansa, ya afka wa dakarun Faransa karo na biyu, kuma wannan haƙurin ya fi harin farko wuya. A Jamusanci, sunan Rossbach kalma da kalma na nufin "rafin doki".

Sakamako

Cikin kusan awa ɗaya da rabi aka gama. Waɗanda aka kashe ko aka raunata a ɓangaren Furushiya ba su kai 600 ba, su kuwa abokan gaba sun rasa dubbai, har da fursunoni kimanin 5,000. Daga nan Frederick ya juya gabas ya ci Ostiriya a Leuthen ranar 5 ga Disamba, kuma a 1758 Birtaniya ta amince ta riƙa ba shi tallafin kuɗi duk shekara. A 1806, bayan Napoleon ya karya Furushiya a Jena, ya sa an cire ginshiƙin tunawa da yaƙin daga filin Rossbach, domin a kai shi Paris.