Sarauniyar Lugu a majigi: fim ɗinmu da aka ɗauka a ƙasar maƙwabta

A shekarar 1966 ɗan Italiya Gillo Pontecorvo ya fitar da La Bataille d'Alger, fim ɗin da ya nuna yadda ƴan sari-ka-noƙe na FLN suka hana sojojin Faransa barci a lungunan Kasba. Ya ci babbar kyautar Venise, amma sai a 1971 aka fara haska shi a gidajen silima na Faransa. Mu ma a Nijar muna da namu irin wannan fim, sai dai tarihinsa da ɗan ɗaci.

Sarraounia ke nan, na Med Hondo ɗan Muritaniya, wanda ya fito a 1986. Tushensa littafin Abdoulaye Mamani ne na 1980. Mamani kuwa ba baƙon gwagwarmaya ba ne: ɗan Sawaba ne, ya yi gudun hijira a Aljeriya, ya kuma ɗanɗani kurkuku zamanin Kunce.

Labarin na watan Afrilu 1899 ne, lokacin da rundunar Voulet da Chanoine, mai ƙona garuruwa, ta auka wa Lugu a ƙasar Arewa. Sarauniya Mangu da Aznanta suka tare ta da kibau, da wuta ta yi zafi suka shige daji. Rundunar ta wuce, ta yi ɓarnar Birnin Ƙonni, kuma a watan Yuli sojojinta da kansu suka kashe kaftin ɗin biyu a yankin Tasawa. Hondo ya ɗaura wargajewar tasu a wuyan tsoron Sarauniya, ya mai da ita jagorar da ta haɗa kan ƙabilu. A nan ya ƙara gishiri, masana tarihi ba za su bi shi duka ba. Amma ai fim ɗin siyasa ya yi, yana magana da Afirkar zamaninsa.

Abin takaicin shi ne, a Nijar aka shirya ɗaukarsa, sai hukumomin lokacin suka janye. Burkina Faso ta Thomas Sankara ce ta karɓe shi. Shi ya sa Aï Keïta, ƴar Burkina, ta fito a matsayin Sarauniya, kuma Julanci take yi, ba Hausar Arewa ba. A 1987 fim ɗin ya lashe Etalon de Yennenga a bikin FESPACO na Wagadugu.

Mamani ya rasu a haɗarin mota a 1993, Hondo a 2019. Tsohuwar da ke Lugu, in an haska mata fim ɗin yau, sai an nemo mata tafinta.