Rawar Kalush ta Ƙasar Romaniya

Can a gabashin Turai akwai wata ƙasa da a ke kira Romaniya. A kudancinta, wajen kogin Danube, akwai ƙauyukan manoma masu wata tsohuwar rawa, sunanta Kalush. Masu yin ta kuwa a kan ce da su Kalushari.

Rawa ce ta maza, lokacinta kuma sau ɗaya ne a shekara, watau kwana 50 bayan bikin Ista na Kirista. In lokacin ya zo sai samari su taru, su bakwai, ko tara, ko goma sha ɗaya. Su kan kafa tuta, su ɗaura mata tafarnuwa da wani ganye mai ɗaci irin tazargade. A gabanta su ke rantsuwa za su bi umurnin shugabansu.

Sa'an nan su fita gida gida, sanye da fararen riguna masu ado, kowa da sanda a hannu da ƙananan ƙararrawa a ƙafafu. Mai goge ya goga, su yi tsalle, su buga ƙasa tare. In ɗaya ya kuskure, ƙararrawarsa ce za ta tona shi. A cikinsu akwai wanda a ke kira Bebe. Ba shi da halin magana, sai dai ya rufe fuska ya yi ta ba mutane dariya. Mutanen dā sun gaskata rawar na warkar da wanda iskoki su ka taɓa.

To, wannan rawa ba a koyonta daga littafi. Sai yaro ya tsaya bayan babba, ya dubi ƙafarsa, ya kwaikwaya har ya iya. Ga shi kuwa tun da Romaniya ta shiga Tarayyar Turai a 2007, samari da yawa sun tafi neman aiki Italiya da Sifen. Ƙauyen da ba samari, wa zai ɗaga tuta?

Tun a 2005 hukumar UNESCO ta sa Kalush cikin al'adun da ya kamata duniya ta kiyaye. Yanzu akwai ƙungiyoyin yara, waɗansu tsararku ne, dattawa na koya musu, har su kan yi gasa a kan dandamali. Ni dai a ganina ta ƙofar gida ta fi armashi, gama a can ne uwa kan miƙa jaririnta a yi rawa da shi don ya sami lafiya.