Ɗaura Wa Tsohon Inji Turbo: Jan Kunne Ga Direbobin Fadamar Haɗejiya

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, lissafin duk mai motar haya ya sauya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce naira 1,000. Direban da ke ɗauko shinkafa daga Auyo, ko kifi daga Guri da Kirikasamma, ko tattasai da kankana zuwa Kano, dabara ɗaya ta rage masa, wato ya haɗa kayan sawu biyu a sawu guda. Motar kuwa ta tsufa, ba ta ja, musamman a kan yashi da taɓon hanyoyin fadama. A nan ne wata shawara ta fara shiga kunnuwan matasan direbobi da kanikawa, galibi daga bidiyoyin YouTube da TikTok, cewa a sayo turbo ɗan kwatano a Ƙofar Ruwa a ɗaura wa injin, ƙarfinsa ya ƙaru. Ra'ayina shi ne, ga mafi yawan motocin da ke bin hanyoyinmu, wannan shawara kallon kitse ce ake yi wa rogo.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin mene ne turbo. Injin mota yana samun ƙarfi ne daga ƙona mai da iska a cikin silinda, kuma injin fetur na buƙatar kimanin kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone kilo 1 na mai sarai. Saboda haka iyakar ƙarfin inji ita ce iyakar iskar da zai iya shaƙa. Turbo farfela biyu ce a kan sanda ɗaya: hayaƙin da ke fita ta salansa yana juya ta farko, ita kuma ta biyun tana cusa iska cikin injin da ƙarfin tsiya. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar fasahar a 1905, sai dai ba ta shiga ƙananan motoci ba sai 1962 a Amurka. Ba kuma banza ta ɗauki wannan tsawon lokaci ba. Farfelar na juyawa fiye da sau 100,000 a minti guda, hayaƙin da ke kaɗa ta kuma zafinsa kan kai digiri 900 a injin fetur, alhali abin da ke raba sandar da ƙarfen da take juyawa a kai ɗan siririn bakin mai ne kawai.

Mu ɗauki Golf 3, wadda babu tashar da ba a ganin ta tsakanin Haɗejiya da Gumel da Malam Madori. An fara ƙera ta a 1991, aka daina a ƙarshen shekarun 1990, ke nan ƙaramar cikinsu ta haura shekara 25 a duniya. Injinta mai lita 1.8 yana ba da ƙarfin doki 90. Kamfanin Volkswagen da kansa ya fitar da inji mai lita 1.8 da turbo, mai ƙarfin doki 150, irin wanda ake samu a wasu motocin Sharan. To amma da ya tashi yin haka bai ɗauki injin Golf ɗin ya liƙa masa farfela ba. Ya sauya kan silindar, ya rage matsin da fistan ke yi wa iska, ya sa bututun da ke fesa wa fistan bakin mai daga ƙasa don ya huce, ya ƙara na'urar sanyaya iskar kafin ta shiga, sannan ya ba motar ƙwaƙwalwar da ta san yawan man da za ta aika a kowane matsi. Wannan aikin injiniyoyi ne da ɗakunan gwaji. Shi ne bakanike ke son kammalawa a yini biyu a gindin darbejiya.

Sai kuma batun tsufa, wanda shi ne gundarin maganar. Injin da ya ci kilomita dubu 300 ko fiye (kada a dogara da lambar da ke kan mitar mota 'yar kwatano, domin mayar da ita baya ba wani aiki ba ne) ringinsa ya sake, bangon silinda ya side, metal ya yi siriri, famfon bakin mai ya rage turi. Yana tafiya ne domin kayan cikinsa sun cinye juna daidai wa daida, sun saba da nauyin da suke ɗauka. Idan aka ƙara masa matsin rabin ba, wato kusan rabin iskar da yake shaƙa a da, ƙarin matsin zai nemi inda ya fi rauni ya bi. Wani ya bi ta gefen ringi ya gangara cikin bakin mai, motar ta fara hayaƙi tana shan mai. Wani ya ɓalle gasket, ruwa ya haɗu da mai. Wanda ya rage ya sauka a kan metal, sai a ji injin ya buga. Mutumin Haɗejiya bai buƙatar dogon bayani a nan. Ya ga yadda ruwan da ke gangarowa daga Tiga da Challawa yake yi idan ya tarar kacala ta toshe hanya: ba ya tsayawa shawara, jingar da ta fi rauni yake ci. Mun gani a 2020, mun sake gani a 2022.

Akwai wata illa da ba a gani da ido, wadda ta fi waɗannan saurin kisa. Iska idan aka matse ta zafi take yi, idan kuma zafi da matsi suka yi yawa, fetur kan tashi da kansa kafin wutar filogi ta gama bin sa. Direba zai ji 'yar ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ita kuwa tana cin kan fistan. Abubuwa uku ke rura ta: zafin gari, rashin ingancin mai, da ƙarancin man da ake aikawa. Duka ukun muna da su. A watan Afrilu zafin Haɗejiya kan wuce digiri 40; ba a manta da gurɓataccen fetur ɗin da aka shigo da shi ƙasar nan a Fabrairun 2022 ba, balle na 'yan bumburutu; ƙwaƙwalwar tsohuwar mota kuma ba ta san an ƙara iska ba, don haka tsohon awon mai za ta ci gaba da bayarwa. A ƙara da ƙurar hunturu, wadda ke side farfela kamar an sa mata takardar goge katako idan matatar iska ta huje, da kuma ruwan da ake kutsawa da damina, wanda idan bututun iska ya shaƙe shi sandar fistan ce ke lanƙwashewa nan take.

Masu cewa turbo na rage shan mai sun ji magana ne ba su ji ƙarshenta ba. Kamfanoni na samun rangwamen mai da turbo ne saboda suna ƙanƙanta injin, su sa ƙarami ya yi aikin babba. Wanda ya ɗora turbo a kan injin da yake da shi, ƙarin iska ya sayo, ƙarin iska kuma ƙarin mai take nema.

Adalci ne a faɗi cewa injin gas ya fi jure wannan aiki, domin an gina shi da ƙwari kuma ba ya fama da waccan ƙarar, shi ya sa manyan motoci da taraktoci da yawa da turbo suke zuwa. Haka nan akwai masu ɗaura wa tsofaffin motoci turbo a Turai da Amurka su zauna lafiya. Amma waɗannan galibi motar sha'awa ce, mai ita yana da wata a gida. Idan ta mutu ya yi asarar nishaɗin ƙarshen mako ne. Direbanmu kuwa motar ce gonarsa, wani ma bai gama biyan maigidan da ya ba shi ita ba. Idan ta tsaya masa da lodin tumatir a hanyar Kano da tsakar rana, asarar ta shafi manomi da dillali da yaron mota, ga rigimar wa zai biya. Garin neman ƙiba a samo rama ke nan.

Wanda duk ya ƙuduri aniyar yi, to aƙalla ya bi ƙa'ida. A auna matsin kowace silinda da agogon awo, idan bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kashi 10 cikin 100 a dakata. A auna turin bakin mai bayan injin ya yi zafi, ba da sanyin safiya ba. Idan sakamakon bai yi kyau ba, a sauke injin a yi masa ringi da metal tukuna, kuma sau da yawa daga nan direba zai ga ƙarfin da yake nema ya dawo ba tare da turbo ba, domin dama tsufa ne ya cinye shi. In har an ɗaura, matsin ya tsaya ƙasa da rabin ba, a sa na'urar sanyaya iska, a gyara awon mai, a riƙa juye bakin mai da wuri, a kuma bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki kafin a kashe shi bayan doguwar tafiya. Idan aka tara kuɗin waɗannan duka, sai a kwatanta da farashin cikakken injin da ya zo da turbonsa daga kamfani, tare da giyarsa da ƙwaƙwalwarsa. Ni a ganina na biyun ya fi kwanciyar hankali.

Abin da ya fi damuna ma ba injin ba ne, birki ne. Motar da aka ƙara wa gudu da lodi, aka bar ta da birki da tayoyi da kulocin da aka ƙera don ƙarfin doki 90, hatsari ce ga fasinja da mai babur da yaran da ke tsallaka titi ranar kasuwar Gujungu. A nan hukumar FRSC da jami'an duba lafiyar motoci da shugabannin NURTW na tashoshinmu suke da hurumi, kuma bai kamata su jira sai an yi jana'iza ba.

Yankin nan na ƙara zama rumbun abinci. A nan aka ƙaddamar da shirin noman alkama na rani na Gwamnatin Tarayya a ƙarshen 2023, kuma duk buhun da aka girbe sai mota ta fitar da shi. Muna da Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman a cikin garin Haɗejiya. Ina ba ta shawara ta haɗa kai da ƙungiyar kanikawa ta NATA su shirya gajeren horo a lokacin hutun ɗalibai, da Hausa, kan awon matsin silinda da turin bakin mai da karanta ƙwaƙwalwar mota, gwamnatin Jigawa kuma ta raba wa garejojin da suka halarta agogunan awon. Kuɗin irin wannan agogo bai kai na cika tankin Golf sau ɗaya ba.