Gansakuka Ta Tsira, Kifi Ya Halaka

Manomi in ya ga tabki ya yi kore da gansakuka, ya kan ɗauka ruwan lafiya lau yake. To, abin da ya faru a wani tabki na ƙasar Kanada ya isa ya sa a sake tunani.

Akwai wani sinadari a jikin mutum da dabba da a ke kira homon. Irinsa na mata shi ke shirya jiki don haihuwa, ya kan fita kuwa cikin fitsari da kashi, musamman na saniya mai ciki. Ruwan sama ya kan kwashe shi daga garke ya kai rafi.

Daga 2001 zuwa 2003 masana suka riƙa zuba homon irin na ƙwayar hana haihuwa cikin wani tabkin gwaji a lardin Ontariyo. Kaɗan ƙwarai suka zuba, watau kamar giram 5 cikin lita miliyan dubu. Shugabar aikin ita ce Karen Kidd.

Gansakuka dai ita ce tushen abincin tabki. Ƙananan ƙwarin ruwa su ci ta, ƙananan kifi su ci ƙwarin, manyan kifi su ci ƙanana. Da aka auna, sai aka tarar gansakuka ba ta ragu ba. Amma mazan wani ƙaramin kifi suka soma yin ƙwai a cikinsu kamar mata, haihuwa ta tsaya, har irin ya kusa ƙarewa. Ƙwarin ruwa suka yawaita don babu mai cinsu, manyan kifi kuwa suka ragu saboda yunwa. Bayan an daina zubawa sai da aka yi shekaru kafin ƙaramin kifin ya komo.

Har wa yau an gwada a ɗakin bincike an ga waɗansu irin gansakuka su kan tsotse homon, su farfasa shi. Amma in ya yi yawa ainun, girmansu ya kan ragu.

Saboda haka koren ruwa ba shaidar lafiyarsa ba ne. Mai garke ya nisantar da turke daga bakin tabki. A tara taki wuri mai tudu, a bar shi ya ruɓe sosai kafin a kai gona, gama ruɓewa ta kan rage homon. A kuma bar ciyawa tsakanin gona da rafi, don ta tare abin da ruwan sama ya ɗebo.