Aya da Tsakuwa a Batun Gasar Injinan Bincike da Shafukan Ƙananan Masu Ƙera Wasanni

Tun daga watan Agustan 2024, lokacin da alƙali Amit Mehta na wata kotun tarayya da ke birnin Washington ya yanke hukuncin cewa kamfanin Google ya yi babakere a harkar binciken intanet ta haramtacciyar hanya, maganganu suka yawaita a tsakanin masu ƙera wasannin kwamfuta masu zaman kansu, wato ɗaiɗaikun mutane da ƙananan rukunoni da ke ƙera wasa ba tare da jarin wani babban kamfani ba. Abin da ake ja-in-ja a kansa shi ne aikin da ake taƙaita sunansa da SEO, wanda ke nufin tsara shafin intanet ta yadda injin bincike zai gano shi, ya fahimci abin da ke ciki, ya kuma fito da shi a sahun gaba idan aka nema. Da yake mafi yawan waɗannan mutane ba su da kuɗin ɗaukar ƙwararre, jita-jita takan shige su cikin sauƙi, wata ƙarya ce tsagwaronta, wata kuma gaskiya ce da aka yi wa ƙarin gishiri.

Magana mafi yaɗuwa ita ce zamanin Google ya wuce, don haka wajibi ne mai wasa ya yi wa kowane injin bincike gyara na musamman. Tushen maganar shi ne alƙaluman kamfanin StatCounter, waɗanda suka nuna cewa a watanni ukun ƙarshe na 2024 rabon Google a kasuwar bincike ta duniya ya sauka ƙasa da kashi 90 cikin 100 a karon farko tun 2015; sai dai masu yaɗa labarin ba sa faɗin cewa saukar ba ta kai ta kawo wani sauyi ba, domin Bing na kamfanin Microsoft, wanda ke biye da shi, yana wajen kashi 4 ne kacal a lokacin. Shari'ar kanta ta bayyana abin da ya riƙe wannan rinjaye, inda aka ji cewa a 2021 kaɗai Google ya biya dala biliyan 26.3 domin ya zama injin da ke buɗewa da kansa a wayoyi da burauzoci. Hukuncin da ya biyo baya a watan Satumban 2025 ya hana kamfanin ƙulla yarjejeniyar da ke toshe wa abokan gasa ƙofa, ya kuma umarce shi ya ba su wasu bayanan bincike, amma bai tilasta masa sayar da burauzar Chrome ba.

Yawan sunayen injinan ma yana ruɗar mutane, domin ba kowane suna ne ke da rumbunsa ba. Rumbu a nan shi ne tarin shafukan da manhajar injin ta bi ta karanta ta adana, kuma daga cikinsa ake ɗebo amsa. Yahoo ya jingina da rumbun Bing tun bayan yarjejeniyarsu ta 2009, DuckDuckGo ma daga Bing yake samun mafi yawan sakamakonsa, kuma hakan ya fito fili a watan Mayun 2024 sa'ilin da wata tangarɗa a Bing ta tsayar da binciken DuckDuckGo na tsawon sa'o'i. Ke nan wanda shafinsa ya shiga Google da Bing ya riga ya shiga mafi yawan sauran, ban da irin su Brave da ya gina rumbunsa. Manyan rumbunan biyu kuwa abu guda suke nema daga shafi, wato kanu mai bayyana abin da ke ciki, rubutun da manhaja za ta iya karantawa, saurin buɗewa a waya, da mahaɗai daga wasu shafuka masu mutunci.

Inda bambanci yake na gaske, ƙarami ne kuma aikin yini guda ne. Google da Bing kowanne yana da dandalin kyauta da mai shafi zai yi rajista ya ga ko an adana shafukansa, kuma na Bing yana iya kwaso bayanan rajista kai tsaye daga na Google. Akwai kuma tsarin IndexNow, wanda Bing da Yandex suka ƙaddamar a watan Oktoban 2021, da ke ba shafi damar sanar da injin nan take cewa ya sauya, maimakon ya jira a zo a duba. Injinan Naver da Seznam sun shiga tsarin, Google bai shiga ba. Ga mai wasan da ya ɗage ranar fitarwa ko ya sauya farashi, wannan na da amfani, amma yana hanzarta adanawa ne kawai, ba ya ɗaga matsayin shafi, ko da yake wasu masu sayar da shawara suna nuna kamar yana yi. Abin da gasar ta sauya ƙwarai ma yana waje da shafin mai wasa: a 2024 Google ya ƙulla yarjejeniya da dandalin tattaunawa na Reddit kan bayanansa, daga baya Reddit ya hana injinan da ba su biya ba bin shafukansa, lamarin da ya sa sabuwar hirar 'yan wasa game da wani wasa a can takan fito a Google ta ɓace a wani injin, ba tare da mai wasan yana da ta cewa ba.

Masu cewa akwai ƙasashen da Google ba shi ne gaba ba sun faɗi gaskiya. Yandex ke da rinjaye a Rasha, Naver na da babban rabo a Koriya ta Kudu, kuma Google ya janye bincikensa daga babban yankin Sin tun 2010, inda Baidu ya daɗe yana jan ragama. Waɗannan manyan kasuwannin wasa ne, har masu amfani da rubutun Sinanci a kantin wasanni na Steam sukan yi kankankan da masu amfani da Ingilishi. Kuskuren yana cikin abin da ake ɗorawa a kan wannan gaskiya, domin ɗan wasa a Shanghai da wuya ya tarar da ƙaramin wasan waje ta Baidu. Yakan gan shi ne a cikin Steam ko a dandalin bidiyo na Bilibili, kuma abin da ke kai wasan gabansa shi ne fassarar wasan da ta shafinsa na kanti.

A nan ne ainihin gasar take, ba tsakanin Google da Bing ba, tsakanin injin bincike na gama-gari ne da binciken da ke cikin kantunan wasa. Tun da kamfanin Valve ya buɗe ƙofar Steam a 2017 ga duk wanda zai biya dala 100 kan kowane wasa, adadin sababbin wasanni yake hauhawa, har shafin SteamDB ya ƙirga sama da 18,000 a 2024, kusan 50 ke nan a kowace rana. A irin wannan cunkoso aka samu jita-jitar cewa turo jama'a daga shafin mai wasa zuwa shafinsa na Steam yana sa kantin ya ƙara tallata wasan. Valve ya ƙaryata wannan a bayanin da ya yi wa masu ƙera wasanni a 2023, inda ya ce yawan masu leƙa shafin kanti ba ya cikin ma'auninsa, abin da yake dubawa shi ne ko mutane suna saye suna kuma bugawa, tare da laƙabobin da ke nuna nau'in wasan da harsunan da aka fassara shi. Jerin buri, wato jerin da ɗan wasa ke ajiye wasan da yake muradin saya, shi ma ba ya ɗaga wasa sai a sashen wasannin da ke tafe, amma darajarsa ita ce Steam yana aika wa mutum saƙo ranar da wasan ya fito. Saboda haka baƙon da shafi ya turo yana da amfani ne idan ya ajiye wasan ko ya saya, kuma tun 2021 Steam ya ba da hanyar yi wa mahaɗai alama domin a san daga ina masu sayen suka fito.

Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya gefen, waɗanda ke cewa tunda shafin Steam yakan fito sama da shafin mai wasa a Google, babu buƙatar shafi ko kaɗan. Cewa Steam yakan fito a sama gaskiya ne, kuma ba hasara ba ce, tunda can ne ake biyan kuɗi. Sai dai wasan da ke kan Steam da itch.io da na'urar Switch da wayoyi yana buƙatar wuri guda da ba na kowane kanti ba, inda 'yan jarida za su sami hotuna da bayanai, kuma inda mai neman sunan wasan zai bambance na asali da na kwaikwayo. Wasan kalmomi na Wordle, wanda Josh Wardle ya saki a shafin intanet a 2021, ya nuna hakan, domin da ya yi suna kwaikwayonsa sun cika kantin manhajoji na Apple har sai da kamfanin ya cire su. Yawancin masu neman ƙaramin wasa da sunansa suke nema, bayan sun gan shi a YouTube ko Twitch, kamar yadda Among Us, da ya fito a 2018, bai fashe ba sai a 2020 ta hannun masu buga wasa kai tsaye. Wannan ya sa zaɓen suna ya fi duk wani gyaran shafi tasiri: ƙirƙirarren suna ko baƙo irin Balatro yana mallake sakamakon bincike cikin sauƙi a kowane injin, alhali suna irin Inside ko Journey, waɗanda kalmomin Ingilishi ne na yau da kullum, ba ya fitowa a gaba sai wasan ya yi ƙarfin da ba kowa ke samu ba.

Tsofaffin dabaru ba sa buƙatar dogon bayani. Ɓoyayyen layin da ake cusa kalmomin nema a cikinsa, Google ya sanar tun 2009 cewa ba ya duba shi. Biyan kuɗin talla yana sayen gurbin talla ne, ba ya ɗaga shafi a sakamakon da ba na kuɗi ba. Sayen mahaɗai daga shafukan banza kuwa, tun sauyin Penguin da Google ya yi wa bincikensa a 2012 ya zama ko dai asarar kuɗi ko jawo wa kai hukunci. Makin nan na ƙarfin shafi da masu sayar da mahaɗai ke tallata haja da shi na kamfanin Moz ne, ba na Google ba, ko da yake takardun cikin gida da suka fallasa a watan Mayun 2024 sun nuna cewa Google na da nasa ma'aunin martabar shafi, wanda babu wani na waje da ke ganin makinsa.

Matsalar da ta keɓanta da masu wasa, wadda kuma ba kasafai ake ambatonta ba, ita ce shafukansu sukan zama hoto da bidiyo zalla. Wasan da ke gudana a cikin burauza ana zana shi ne a kan wani fili da manhajar injin ke gani kamar bango, ba ta karanta ko harafi ɗaya daga abin da ke cikinsa, haka nan sunan wasan da aka rubuta a jikin hoto. Google yana iya sarrafa shafin da aka gina da JavaScript, amma da yawa daga manhajojin da kamfanonin ƙirƙirarriyar basira ke turowa ba sa yi, don haka ƙaruwar manhajojin da ke bin shafuka ta ƙara wa rubutu zalla daraja ne: sunan wasa, nau'insa, na'urorin da yake aiki a kansu, ranar fitowa, da sunan wanda ya ƙera shi.

Saura batun taƙaitattun amsoshin da ƙirƙirarriyar basira ke bayarwa a saman sakamako, waɗanda Bing ya fara a watan Fabrairun 2023, Google ya biyo da nasa a Amurka a watan Mayun 2024. Cewa suna rage latsa mahaɗai ba jita-jita ba ce, domin binciken cibiyar Pew na 2025 ya gano cewa masu bincike sun latsa mahaɗi a kashi 8 cikin 100 na lokutan da taƙaitawar ta bayyana, da kashi 15 a lokutan da ba ta bayyana ba. Raɗaɗin ya fi faɗawa kan shafukan da ke rayuwa da talla, irin masu bayanin yadda ake tsallake matakan wasa, ba kan mai sayar da wasan ba, wanda damuwarsa ita ce kada amsar ta ba da ranar fitowa ko farashin da ba daidai ba. Wannan fargaba ta haifar da sabuwar haja, wato fayil mai suna llms.txt da Jeremy Howard ya ba da shawararsa a watan Satumban 2024 domin shafi ya gabatar da kansa ga irin waɗannan manhajoji. Shawara ce da ba ta cutarwa, amma jami'an Google sun ce bincikensu ba ya amfani da fayil ɗin, kuma shafin da taƙaitawar Google za ta ambata dole ne ya kasance cikin rumbun da binciken yau da kullum ke ɗebowa.