Yadda Ake Ƙetare Gulbi Da Kwalekwale Idan Ruwa Ya Cika

Daga watan Agusta zuwa Satumba ruwa yakan cika gulabe da rafuka a ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Inda manomin Mabai ya bi da ƙafa da rani, da damina sai ya tarar ruwa ya sha kansa. Ga gona a ƙetare, ga kasuwa tana ci. A nan ne wasu sukan nemi fito da kwalekwale.

Kuskuren Da Ake Yi

Wanda bai saba ba yakan miƙe goshin jirgi sak zuwa gaɓar da yake son sauka. To, ruwa mai gudu sai ya bugi cikin jirgin daga gefe. Nan da nan jirgi ya karkata, ruwa ya shiga, ya kife.

Dabarar Masu Fito

Sarkawa, waɗanda ruwa ne sana'arsu, ba sa kokawa da gulbi. Matuƙi yakan juya goshin jirgi ya fuskanci inda ruwa yake fitowa. Sa'an nan ya ɗan karkata shi wajen gaɓar da za shi, ya riƙa tuƙi da filafili ba tsayawa. Ruwan da kansa zai tura jirgin gefe, sannu sannu, har ya kai gaci. In ruwan ya ƙara ƙarfi, sai a rage karkatar.

Ya kamata a tashi daga sama da wurin sauka, domin tilas ruwa ya ɗan ja jirgi ƙasa. A guji bayan kwana, can ne ruwa ya fi gudu da zurfi. A nisanci itacen da ya faɗa ruwa, don yakan riƙe jirgi da mutum.

Hakkin Masu Shiga

Kowa ya zauna a ƙasan jirgi, kada a miƙe tsaye. Buhunan hatsi a sa su tsakiya. Kada a yi lodi ya wuce kima. A watan Nuwamba na 2021 jirgin da aka cika maƙil ya kife a madatsar ruwa ta Watari, a Bagwai ta Jihar Kano. Mutum 29 a ƙalla suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Wannan fa ruwan dam ne, ina ga gulbi mai gudu?

In Jirgi Ya Kife

Mutum ya kama jirgin ta gefen da ruwa yake fitowa, don kada ya matse shi da dutse. In ya kuɓuce masa, ya kwanta rigingine, ƙafafu gaba, ya riƙa neman gaɓa. Kada ya yi ƙoƙarin tsayawa cikin ruwa mai gudu, ƙafa takan maƙale.

In gulbi yana tafe da itatuwa da kumfa, a haƙura a jira ya janye. Kasuwa za ta sake ci mako mai zuwa. Allah Ya kiyaye mu, amin.