Gashin Yaro Yana Ba Da Labarin Lafiyarsa

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kowa ya san idan ganyen hatsi ya yi ja, akwai abin da ke damun saiwa. Makiyayi ma da ya dubi gashin saniya ya san ko lafiya take. To, haka gashin ɗan Adam yake. Likita yakan yanki ƴan silin gashi, ya sa a madubin likita, ya gane cutar da ke ɓoye cikin jiki.

Abin da muka fi gani a karkara shi ne tamowa. Yaron da aka yaye, ba ya samun nono, ko wake, ko gujiya, ko ƙwai, sai gashinsa ya yi ja, ya yi laushi, yana tsigewa. Ƙafafu su kumbura. Wannan ba gado ba ne. Idan yaro ya sami magani da abinci mai gina jiki, baƙin gashi zai sake tsirowa.

Amma akwai cututtukan da ake haihuwar yaro da su, ko da rumbu cike yake. Ba su da yawa, amma ya kamata mu san su.

Ta farko, wani likitan Amurka mai suna Menkes ya bayyana ta a 1962. Jiki yana bukatar jan ƙarfe ɗan kaɗan daga abinci, amma hanjin wannan yaro ba ya iya kai shi cikin jini. Jariri yakan yi wata 2 ko 3 lafiya lau. Daga nan sai jiki ya saki, ya fara farfaɗiya. Gashinsa ya koɗe, ya murɗe kamar waya, yana karyewa. Yara maza ta fi kamawa. Ta wajen uwa take biyowa, ita kuwa uwar lafiyarta ƙalau. Idan ba magani, da yawa ba su wuce shekara 3. Allurar jan ƙarfe tana taimakawa in an fara ta cikin makonnin farko.

Ta biyu, likita Netherton ya bayyana ta a 1958. Fatar jariri tana yin ja, tana saɓa. A madubi, gashin yana da gaɓa-gaɓa kamar karan dawa, kuma a gaɓar yake karyewa. Wannan sai uba da uwa duka suna ɗauke da irin cutar. In haka ne, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na kamuwa. Shi ya sa irin wannan cuta ta fi fitowa a auren zumunci.

To, me za mu yi?

Idan gashin jariri yana karyewa tun yana goye, kuma ba ya girma, ko yana suma, a kai shi likita ba da jinkiri ba. Kada a aske kan kafin a tafi, don gashin ne likita zai duba. A gaya masa in an taɓa rasa yara maza a dangin uwa, ko in iyayen ƴan'uwan juna ne.

Kada a zargi uwa, kada a ce sammun kishiya ne. Ba wanda ya zaɓi abin da ya gada. Cutar ba ta yaɗuwa, a bar yaro ya yi wasa da ƴan'uwansa.

Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa.